Minti Ukun Baba Badaru

Duk wanda ya ce muku Baba Badaru yana da aljanu, ku ce masa Hafsa ta ce ƙarya yake yi. Ku faɗi sunana, ban ɓoye ba. Ni ce Hafsa mai dafa abincin ma'aikata a wata masana'antar kwali da ke unguwar masana'antu ta nan Jidda, kuma a unguwar Karantina na girma, ƙofarmu tana kallon tasa. Na san mutumin nan tun ban san dama da hagu ba. Abu ɗaya na taɓa ji ya roƙa da bakinsa, shi ne a bar shi ya ƙarasa kwanansa a Jidda, inda aka binne matarsa Inna Zubaidatu, inda in ya faɗi waɗanda za su ɗauke shi sun san sunansa. A kan wannan roƙon ne muka kwashi 'yan kallo da ɗansa Mustafa, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

A wani ƙauye na Jazira aka haife shi, can cikin Sudan. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga kamar yadda dubbai suka tsaya, har mutuwa ta same su a nan. Shi bai tsaya ba. Yana saurayi ya gangara Bur Sudan, Allah ya haɗa shi da aikin gidan tangaraho, daga nan aka lura yana da kunne, aka koya masa lasilki. Lasilki shi ne abin da tsofaffinmu ke kira wayar iska, tangarahon da ba a ja masa waya daga gari zuwa gari. Wani ɗan ƙarfe ne kake dannawa da yatsa, gajeriyar ƙara da doguwar ƙara, kowane harafi da nasa bugun, sai saƙo ya tashi ta wayar da aka ɗaura a saman jirgi ya haye teku. Da ya ƙware sai ya shiga jiragen ruwan da ke kawo alhazai daga Sudan zuwa Jidda. Ɗan ɗakinsa yana sama kusa da na kyaftin, abin ji a kunne, fensir a hannu.

Mu dai mun fi saninsa da labari. In ya sauko hutu ya zauna a ƙofar gida, shayi a gabansa, sai ya kama ba mu tarihin sana'arsa kamar tarihin kakanninsa ne. Ya ce wani Bature ɗan Italiya ne ya nace sai magana ta haye babban teku ba waya, ana yi masa dariya, ya ɗaura waya a jikin abin nan da yara ke sakewa iska ta ɗaga shi sama, ya kasa kunne cikin sanyi, sai ya ji ɗigo uku daga wancan gefen duniya. Ɗigo uku kawai! Baba yakan buga su a kan faranti da cokali, ya dube mu yana jiran mu yi mamaki, mu kuwa idonmu na kan biskit. Ya ce lokacin da abin ya fara shigowa ƙasar nan, ana ba da labarin wasu sun rantse aikin aljanu ne, sai da aka karanta Alƙur'ani ta cikinsa aka ji ya fito daram kafin hankalinsu ya kwanta. Nan yakan yi dariya har hularsa ta karkace. Yakan kuma ce mu tuna, a zamanin ubansa mutum in ya tafi hajji sai a yi shekaru ba labarinsa, a raba gadonsa yana raye, ko a yi ta ajiye masa tuwo ya daɗe da zama ƙasa. Shi ya aika saƙon haihuwa da na rasuwa ba adadi, kuma bai taɓa gaya mana abin da ke cikin ko ɗaya ba, domin an rantsar da su a kan haka.

Amma abin da ya fi ɗauka da girma a aikin nan shi ne shirun. Ya ce tun da daɗewa wani ƙaton jirgi ya nutse a ruwan ƙanƙara yana ta kiran agaji, ga wani jirgi kusa da shi, amma mai lasilkinsa ya riga ya kashe na'ura ya kwanta. Bayan irin wannan asarar ne aka kafa dokoki, ciki har da wannan: kowace awa, in dogon hannun agogo ya kai da kwata, da kuma in ya kai saura kwata, duk mai lasilkin da ke kan teku ya ɗauke yatsansa ya yi shiru minti uku. Ko saƙon wa kake aikawa, sai ka tsaya. Dalili kuwa, manyan jirage masu ƙarfin na'ura suna cika iska da surutu, jirgin da batirinsa ya kusa mutuwa ba mai jin sa sai kowa ya yi shiru. Agogon ɗakin lasilki ma da jan fenti aka shafa wuraren nan biyu don kada ka ce ka manta.

To ni a cikin shirun nan na rayu, ba a bakin wani na ji ba. Ina goye a bayan innata muka taso daga Sudan cikin wani tsohon jirgin kaya da aka cusa wa alhazai. Ya hau dutsen da ke ƙarƙashin ruwa wajen la'asar, injin ya mutu, ruwa ya fara shigowa. Inna ta ce mata sun riga sun fara yafe wa juna. Baba Badaru yana cikin nasa jirgin can nesa, yana tsakiyar aika wani dogon saƙon 'yan kasuwa, hannun agogo ya shiga ja, ya ɗauke yatsa. Sai ya ji wani abu can ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro, ashe kiran agajin jirginmu ne. Ya rubuta, ya ruga wurin kyaftin, aka juya jirgi. Kafin rana ta faɗi ana miƙa mu sama da igiya. Shi ya karɓe ni daga hannun inna a bakin tsani, kuma da ya ji ta da Hausa take salati, shi ya nemo mana ɗaki a lungunsu. Tun daga nan nake ce masa Baba, yake ce mini 'yata.

A shekarar 1999 aka sallami irinsu. An kawo na'urorin da ke magana da tauraron ɗan'adam, ka danna maɓalli ɗaya ta yi kiran da kanta, ba a bukatar mai kunne. Suka ba shi agogon ɗakinsa mai jan fenti, suka ce Allah ya saka da alheri. Ya dawo Karantina ya buɗe ɗan shagon gyaran rediyo, ya rataye agogon a bango. Kuma bai daina shirun ba. Ana tsakiyar hira, hannun agogo ya shiga ja, sai ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya ɗan karkatar da kai. In ya fita daga ja sai ya ɗora maganarsa daga daidai inda ya tsaya. Salla ce kawai ba ya katsewa, ya ce ita ta fi ƙarfin dokar teku. Na taɓa ce masa, "Baba, ai yanzu ba mai bugawa." Ya ce, "Na sani, 'yata. Kunnen ne ya saba, ni kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba."

A Karantina wannan ba abin magana ba ne. Kowa ya sani. Mai shawarma na gefensa yakan rage rediyonsa, masu musun ƙwallo su haɗiye musunsu, baƙo in ya buɗe baki a taɓa shi a ce, "Dakata, Baba yana kan aiki." Muna tsokanarsa, ƙwarai kuwa, har mata in miji ya yi shiru ana yi masa faɗa sai su ce ko ka shiga ja ne. Amma tsokanar so ce. Wata rana ma cikin shirun ne aka jiyo nishin tsoho Zaharaddeen da ya zame a banɗaki tun safe ba wanda ya sani. Mustafa a cikin wannan ya tashi. Da idona na sha ganinsa yana tsaye da kwanon abincin ubansa, ya ƙame yana jiran agogo. Don haka kada wani ya ce mini bai sani ba.

Sai aka zo rushe unguwa. Aka rubuta a bango da jan fenti cewa a tashi, mutane suka watse kamar an zubar da gero, wani ya yi gabas, wani ya yi Makka, wani ya koma ƙasar da bai taɓa gani ba. Ni na sami ɗaki ɗaya can wajen gari tare da 'yata da jikoki. Baba kuma Mustafa ya ɗauke shi zuwa gidansa da ke unguwar Safa, hawa na uku, gida mai na'urar sanyi da labule har ƙasa. Mustafa ya yi karatu, yana aiki a wani kamfani, iƙamar Baba ma, wato takardar izinin zama, a kansa take, shi ne kafilinsa da ya tsaya masa wurin hukuma. Matarsa Rana haifaffiyar Jidda ce, iyayenta suna da hali, tana jin Hausa sama-sama amma ba ta mayarwa. Ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Yarinyar tana dafa masa abin da yake so, tana wanke masa kaya, sai dai ba wanda ya taɓa ba ta labarin komai. Mijinta bai so a san daga wane lungu ya fito.

Agogon aka fara cirewa, wai bai dace da falo ba, aka jefa shi ɗakin tarkace. Baba ya sami wata dabara. Ya ɗauki jan farcen Rana ya shafa ɗigo biyu a gilashin agogon hannunsa. Ita kuwa da ta ga surukinta da kwalbar jan farce sai ta sa masa ido. Ta fara lura tsohon nan yana ɗaukewa ana cikin magana, ido a rufe, kai a karkace. Ta tambayi mijinta, buɗar bakinsa sai ya ce, "Tsufa ne, ƙyale shi." Kalma nawa ce zai faɗa a wuce wurin? Ina! Ya zaɓi ya ce tsufa ne.

Ranar da iyayen Rana suka zo cin abincin rana abin ya fashe. Uban yana tsakiyar ba da labari, Baba ya ɗaga masa yatsa. Falo ya yi tsit. Da ya buɗe ido uwar ta tambaye shi a hankali me yake saurare. Ya ce, "Ko akwai mai kira." Ta ce wa ke kiran nasa? Ya ce, "Daga teku." Shi a ransa ya amsa tambaya. Ita kuwa ta kama salati tana tofa wa jikokinta addu'a. Mustafa yana zaune, cokali a hannu, ya sunkuyar da kai cikin shinkafa. Kafin sati ya zagayo an samo mai ruƙiyya.

Baba ne da kansa ya kira ni a waya, yana dariya, ya ce in zo in ga ana cire masa aljanu. Na ɗauki hutun rabin yini na hau mota. Na iske mai ruƙiyyar a falo, wani matashi da ya zo umara ya ƙi komawa, da jarkar ruwa da kwalbar man habbatus sauda da wata 'yar tsumagiya. An zaunar da Baba a ƙasa a kan darduma, mu mata muna bakin ƙofa. Yaron ya fara karatu, kuma ba laifi yana da murya. Baba yana bin sa da leɓe, fuskarsa a sake, jin daɗinsa yake yi. Na ce a raina to alhamdu lillahi, yau za a ji kunya a watse.

Da ya gama sai ya dafa kan Baba ya daka tsawa, "Kai wanda ke cikin jikin bawan Allahn nan, wane ne kai?"

Baba ya ce, "Badaru ne, ɗana."

"Daga ina ka shige shi?"

Ni ina kallon agogon wayata, na ga abin da zai faru kafin ya faru. Saura kwata ta yi. Baba ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya karkatar da kai.

"Ka yi magana! Ka yi magana ko in ƙone ka!"

Shiru. Ya ɗebi ruwa ya watsa masa a fuska. Shiru. Ya ɗauki tsumagiyar nan ya fara zabga wa tsoho a tafin ƙafa, tsohon da ya isa ya haifi ubansa. Wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar falo ba, mayafina a ƙasa. Na ce, "Kai, ɗan nan, ka sauke hannunka kafin in karya shi! Ku dubi agogo mana! Mustafa, kai ba ka da baki ne? Gaya musu!" Uwar Rana ta riƙe ni ta baya tana cewa in yi istigfari, kada ya dawo kaina. Mustafa ya juya yana kallon labule.

Minti uku suka cika. Baba ya buɗe ido, ya share ruwan fuskarsa da hannun riga, ya ce, "Na'am, ɗana, me ka ce?"

Mai ruƙiyya ya yi tsalle ya miƙe. "Kun gani? Ya tafi ya dawo! Wannan tsohon aljanin ruwa ne, ya daɗe a jikinsa, shi ya sa ba ya amsawa. Muddin yana shaƙar iskar tekun nan ba zai fita ba. Sai an kai shi cikin tudu, ƙasar da aka binne cibiyarsa."

Na zauna na yi musu bayani tun daga farko, jirgi da agogo da doka da ni kaina a bayan innata. Rana tana saurare, na ga idonta ya kawo ruwa, ta dubi mijinta ta ce da Larabci, gaskiya ne? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ya'ani, labaran da ne." Mai ruƙiyya kuwa cewa ya yi ai wannan ma ya ƙara tabbatar da maganarsa, tun a teku ya shige shi. Baba ya kalli ɗansa ya ce, "Mustafa, ni fa ba inda za ni. A nan uwarka take. Ka tambaye ni mana, ga ni a zaune." Sai yaron nan mai jarka ya ɗaga hannu ya ce kada a biye masa, ba shi ke magana ba, na jikinsa ne ba ya son barin ruwa. Kun ji fa! In ya yi shiru aljani ne, in ya yi magana aljani ne. Ta wace ƙofa mutum zai fita?

Na tare Mustafa a matakala na wanke shi tas. Na ce ya ji tsoron Allah, na ce in kunyar surukai ce ke damunsa ya ba ni ubana in tafi da shi, ko a ƙasa zan kwana in bar masa katifa. Ya ce, "Ya Yaya Hafsa, halas, ya isa haka. Ɗaki ɗaya gare ki, ga yara. Kuma iƙamarsa a kaina take, in wani abu ya faru ni za a tambaya. Can Jazira akwai 'ya'yan ƙanensa, akwai fili, akwai iska mai kyau. Wata biyu uku ya warke in dawo da shi."

Na ce, "Ya warke daga me?"

Ya kawar da kai. Na ce, "Dube ni, Mustafa. Kai ka yarda ubanka yana da aljanu?" Ya ce shi ba malami ba ne. Tir! Da ya ce mini ya gaji da riƙon tsoho ne, da na fi ganin girmansa, don gajiya halin ɗan'adam ce. Amma ya laɓe bayan jarkar ruwa. Na je wurin dattawan unguwarmu na da, waɗanda na iya samowa, wannan yana asibiti, wancan ya koma Makka, wani lambar wayarsa ba ta shiga. Da Karantina tana nan, da tsofaffi biyar sun taka har Safa sun zaunar da yaron nan, magana ta mutu. Ni kaɗai ce, mace mai dafa abinci, ba dangin jini ba.

A ƙarshen shekarar 2022 aka yi masa takardar fita daga ƙasar ta dindindin. Ya ce tunda dole ne, ba zai hau jirgin sama ba, a sa shi a na ruwa zuwa Sawakin, a gaɓar Sudan. Na raka su tasha. Ya tsaya da 'yar jakarsa yana kallon saman jirgin, ba wayar da aka ɗaura, sai wasu fararen ƙwallaye na tauraron ɗan'adam. Ya ce, "Ko ɗakin lasilkin ma babu." Na durƙusa na kama hannunsa ina kuka kamar ƙaramar yarinya, shi ke ba ni haƙuri. Ya ce in riƙa leƙa maƙabartar da Inna Zubaidatu take ko daga bakin katanga ne in yi mata addu'a. Mustafa ya sumbaci goshinsa ya ce, "Yalla Baba, sai na zo ɗaukarka." Baba ya ce, "To."

Da farko muna waya. Ɗan ƙanensa yakan kai masa wayar ranar Juma'a. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya ce mutanen kirki ne amma ba su san shi ba, suna ce masa Alhajin Jidda. Kullum kafin mu ajiye sai ya ce, "Mustafa bai ce komai ba?" Ni kuma in ce yana shiri. Wata biyu ukun suka wuce, azumi ya kama, sai yaƙi ya ɓarke a Khartum. Na kira Mustafa na ce ya fito da ubansa yanzu tun hanya tana buɗe. Ya ce Jazira lafiya lau take, nesa da rikici, kuma sabuwar biza ba a rana ɗaya ake yin ta ba. Kafin shekara ta ƙare yaƙin ya isa Jazira. Ba a daɗe ba layukan waya suka ɗauke gaba ɗaya.

A nan ne Mustafa ya farka, lokacin da farkawa ba ta da amfani. Waya biyu gare shi, ya yi ta buga su kamar zai fasa. Ya shiga duk wani zauren 'yan Sudan da ke waya yana saka hoton Baba, yana tambayar wanda ya fito daga yankin. Ya rame. Yakan kira ni ina tsakiyar tuƙa tuwo, "Yaya, ko kin ji wani abu?" In ce ban ji ba. Ba na ƙara ko kalma, don in na ƙara ba zai ji da daɗi ba. Watanni suka yi ta wucewa a haka, ba mu san a cikin masu rai za mu sa shi a addu'a ba ko a cikin matattu.

Labarin da ya zo daga ƙarshe, a baki ya zo. Wani direban babbar mota ya gaya wa wani mai shayi a Bur Sudan, mai shayin ya gaya wa wata mata da ke da 'yar'uwa a Jidda, ita ta neme ni. Wai da mayaƙa suka shiga ƙauyen mutane suka fita a ƙafa, akwai wani tsoho da ake ce wa Alhajin Jidda, ƙafarsa ta gaza a hanya. Wasu matafiya da ba su san shi ba suka yi masa sutura suka binne shi a gefen wata gona. Wace gona, ba wanda ya sani. Yaushe, direban ya ce yana jin kafin azumi ne, ko kuma bayan salla.

Mustafa ya yi zaman makoki a Safa irin na mutanen Jidda, an jera kujeru a ƙofar gida, an ja fitilu, ana zagayawa da gahawa da dabino. Na je don Baba, ba don kowa ba. Ina ɓangaren mata bayan magariba sai Rana ta zo ta raɗa mini wai mijinta yana nemana. Na same shi a matakala, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Yaya, mutane suna ta tambayata yaushe ya rasu, a ina aka binne shi. Me zan ce musu?"

Na dube shi sosai. Na ce, "Ka gaya musu gaskiya. Ka ce ba ka sani ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya sauka ya koma kan kujerarsa a farkon layi. Ban koma ciki ba. Na tsaya a nan ina jin sa, duk wanda ya miƙa masa hannu ya tambaya, yana cewa, "Ban sani ba."